Turmin Umm Shirin da Saƙonni Goma Sha Bakwai

A unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Damanhur, a ƙasar Masar, babu mai rufe akwatin tafiya sai Sitt Awatif ta ɗaga shi ta ji nauyinsa. Umm Shirin ake kiranta, da sunan 'yarta tilo. Mijinta mai awon auduga ne a kasuwa, da ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da wani tsohon sikeli mai ƙugiya da ake ratayewa a jikin rufi. Shekarar farko albasa ta riƙa ratayewa a jikinsa. A ta biyu wani maƙwabci da zai koma aiki Kuwait ya roƙi a auna masa akwati. Ta auna, ya zarce da kilo huɗu, sai ta zazzage kayan a tabarma, ta cire abin da ta ga bai kamata namiji mai hankali ya ɗauka ba, ta sake shirya sauran. Daga ranar aiki ya same ta.

Shekara ashirin da shida tana yi. Ta san takalmi ana cusa masa safa da kwalbar turare. Ta san man zaitun sai leda uku da tsohon wando. Ta san abin da yake shiga cikin jirgin sama tare da mutum da abin da ake turawa ƙasan jirgi. Daga baya ma sikelin ya zama ɗan shaida kawai, domin takan ɗaga akwati da hannun dama, ta lumshe ido, ta ce a cire sabulu biyu, in an cire an rataya sai a ga kilo ashirin da uku cif. Sannan ta ɗaura koren ƙyalle a hannun akwatin, alamar ta gama. Ita kanta ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. Iyakar tafiyarta Iskandariyya, ita ma ta ce ba ta ga abin da ake zuzutawa ba.

Abu ɗaya ne yake damunta a duk tsawon aikin nan, kuma abin yana da suna, Rihab, 'yar ƙanwarta.

A gidansu akwai wani turmin tagulla da taɓaryarsa, na kakar kakarsu, nauyinsu kilo bakwai da giram ɗari huɗu. Ranar bakwai ga haihuwa akan kwantar da jariri cikin rariya, a kunna kyandir, a watsa gishiri, sai babbar mace ta zauna kusa da kansa ta yi ta buga taɓarya a turmin tana ba shi umarni. Kowa a garin yana yin haka da turminsa, amma dangin Umm Shirin sun haƙiƙance cewa nasu daban ne, duk wanda aka buga wa shi ba ya razana har ya mutu. Rihab a Kuwait aka haife ta, lokacin mahaifinta yana koyarwa a can. Makon da aka haife ta Umm Shirin ta bi matafiya uku gida-gida tana neman wanda yake da sararin kilo bakwai da ɗoriya a akwatinsa, ba ta samu ba. Aka buga wa Rihab murfin tukunya da cokali.

Sakamakon kuwa yana nan kowa yana gani. Rihab ta gama jami'a a bana, ta karanta injiniyan kwamfuta, ta fita da sakamako mai kyau, amma in an rufe ƙofa da ƙarfi sai ta dafe ƙirji. Takan karanta saƙon waya sau shida kafin ta aika. Duk lokacin da cokali ya faɗi ta zabura, sai dangi su dubi juna, Umm Shirin ta sunkuyar da kai.

To, ranar Lahadi Shirin ta haihu a Montreal ta ƙasar Kanada, saura mako uku a lissafin likita. Takardun tafiyar uwarta da na Rihab, wadda aka zaɓa ta raka ta saboda tana jin Turanci kuma ba ta samu aiki ba tukuna, sun daɗe da fitowa, sai dai tikitin na watan gaba ne. Mijin Shirin ya yi ta fama har aka dawo da tikitin ranar Juma'a da safe, daga Alƙahira zuwa wani birni a Turai, a tsaya awa biyu, a sauya jirgin wani kamfani, a sauka Montreal da yamma. Ranar bakwai Asabar ce. Ya gargaɗe su cewa in suka rasa jirgi na biyu babu gurbi sai Litinin. Umm Shirin ta ce ta riga ta yi asarar jariri ɗaya, ba za ta yi ta biyu ba. Tana faɗa tana duban Rihab, wadda ke zaune lafiya lau tana cin tuffa.

Kafin Laraba labari ya zaga unguwa, saƙonni suka fara shigowa. Mai tafiya ba ya ƙin saƙo, balle ita da ta shekara ashirin da shida tana cusa saƙonnin mutane a akwatin wasu. Wata maƙwabciya, Umm Tamir, ta kawo busasshen lalo ga ɗanta. Mai gyaran keke ya kawo takalmi ƙafa ɗaya, na hagu, don surukinsa ya gane girman ƙafar ya sayo masa sabo. Wata malamar makaranta ta kawo makullin gida, ta ce ɗan'uwanta ya manta shi shekara huɗu da suka wuce, kuma ko da yake an sayar da gidan, makullin nasa ne. Hajj Mitwalli mai shagon goro da gyaɗa ya kawo kwalbar tsohon cuku da ya shekara uku yana tsima. Rihab ta tambayi wata mata a wace unguwa 'yarta take a Montreal, matar ta ce ai a Brazil take, amma duk can ne. Aka karɓa. Saƙonni goma sha bakwai, kowanne Umm Shirin ta riƙe sunan mai shi da na wanda za a kai wa a ka.

Ranar Alhamis da hantsi aka buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet. Rihab ta zauna a bakin gado da waya, mata shida suka kewaye ta suna numfashi a wuyanta. Ta fara da maganar kaya. Shafin kamfanin farko ya ce kowa akwati biyu, na kamfani na biyu ya ce ɗaya. Ta karanta dokar sau goma sha biyu, kowane karatu yana ba ta ma'ana dabam. Umm Shirin ta raba gardama, ta ce a bi marowacin, shi ba ya sauya magana. Akwati ɗaya-ɗaya, da jakar hannu mai kilo takwas. Turmi zai shiga jakar hannunta don ba ta yarda ya bar idonta ba, taɓarya kuwa ƙasan jirgi, tunda ta san ba a barin mutum ya shiga da abin da ya yi kama da kulki.

Sai zanen kujeru ya fito. A jirgin farko an haɗa su wuri ɗaya. A na biyu Rihab tana layi na goma sha bakwai, Umm Shirin tana na arba'in da ɗaya, a tsakiyar mutum biyu.

"Su wane ne a gefena?" ta tambaya.

"Ba a rubuta ba, Halti." Haka Rihab take kiranta, kamar yadda kowa yake kiran 'yar'uwar uwarsa.

"Awa takwas kafaɗa da kafaɗa, ban san ɗan gidan wane ba ne? Injiniya, wannan ne abin da kuka shekara biyar kuna koyo?"

Umm Tamir ta ba da shawara a bugo wa kamfanin waya a ce su ajiye jaka a kujerar da ke kusa da Rihab kafin mai ita ya zo. Rihab kuwa ta riga ta kai shafi na ƙarshe, inda aka ce sai matafiyi ya danna wani ɗan gida mai kusurwa huɗu a shafin ya tabbatar cewa shi ya shirya kayansa, kuma babu wanda ya ba shi wani abu ya kai wa wani. Ta yi kuskuren karantawa da ƙarfi. Umm Shirin ta ce rabin farko gaskiya ne, har ma an rage mata, rabin biyu kuwa ƙarya ce sau goma sha bakwai, kuma ba za a fara tafiyar ganin jika da ƙarya ba. Rihab ta yi bayani cewa babu wurin danna rabi. Aka ce to ta nemo. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta danna, ta nemi gafarar Allah, ta fito ta ce an samu. Wayar ta ba su katin jirgin farko, a wurin na biyu kuwa ta rubuta cewa sai sun ga jami'i a inda za su sauya jirgi. Rihab ta tabbata waya ta gane abin da ta yi.

A filin jirgin Alƙahira komai ya tafi daidai, abin da ya ƙara tayar wa Rihab da hankali. Aka ɗora akwatin farko, ashirin da uku cif. Na biyu, ashirin da uku cif. Mai awon, wani dattijo mai furfura a gashin baki, ya dubi lambar, ya dubi koren ƙyallen, ya miƙe tsaye. Ya ce shekara goma sha tara yana ganin akwatunan nan masu koren ƙyalle daga Damanhur, har suna musu da abokan aiki ko mutum ne yake shirya su ko inji. Ya kira biyu daga cikinsu suka zo suka gaishe ta. Ta ce masa sikelinsu ba laifi.

Jirgin farko ya makara da minti ashirin. Suka sauka a birnin na Turai, suka bi alamu da sauri, Umm Shirin tana rungume da jakar turmi kamar goyo. A teburin da ake ba da kati na biyu wani dogon jami'i mai jan gemu ya karɓi fasfo ɗinsu, ya duba, sannan ya yi tambayar nan da Turanci, ko wani ya ba su saƙo su kai wa wani. Rihab ta shirya amsarta tun daga Damanhur, kalma ɗaya ce tak, a'a. Ta buɗe baki, kalmar ta maƙale. Ta sake buɗewa, sai iska. Jami'in ya jira, da ya ga haka ya jawo wani kwali mai rubutun harsuna da yawa ya nuna layin Larabci da yatsa.

Umm Shirin ta sa tabarau, ta karanta a tsanake, fuskarta ta washe kamar wadda aka daɗe ba a tambaye ta lafiyar gida ba. Ta ware yatsu goma, ta rufe, ta ware bakwai.

Aka shigar da su wani farin ɗaki mai dogon teburin ƙarfe da sikeli a ƙasa. Aka aika a sauko da akwatunansu daga cikin waɗanda za a loda. Aka nemo wata ma'aikaciya mai suna Na'ima, wadda iyayenta mutanen Maroko ne, ta yi tafinta, tunda Rihab ta koma kamar gunki. Agogon bango ya nuna saura minti hamsin da biyar jirgi ya tashi.

Dogon jami'in ya ce a buɗe saƙonni ɗaya bayan ɗaya, a faɗi wanda ya bayar. Bai san da wadda yake magana ba. Kowane ƙunshi sai da Umm Shirin ta faɗi mai shi, da ubansa, da wadda ya aura, da dalilin da ya sa ɗan ya bar gari. Na'ima tana fassara rabi tana haɗiye rabi. Da aka zo kan takalmi ƙafa ɗaya jami'in ya juya shi, ya leƙa ciki, ya tambayi ina ɗayan. Aka ce yana ƙafar mai shi. Ya rubuta. Da aka zo kan makullin gidan da aka sayar, ya ajiye biro ya ɗan matse goshinsa. Sai kwalbar Hajj Mitwalli. Umm Shirin ta gargaɗe shi, Na'ima ta gargaɗe shi da ƙarin bayani, amma ya murɗe murfin. Wani matashin jami'i da ke bakin ƙofa ya fita bai dawo ba. Aka yanke hukunci cewa wannan ba zai ci gaba da tafiya ba. Umm Shirin ta ce amana ce, ba za ta bar ta ba sai an rubuta mata takarda da sa hannu da hatimi, ta kai wa Hajj Mitwalli ya san cukunsa a hannun hukuma ya ƙare. Aka rubuta. Saura minti talatin.

Daga ƙasan akwati na biyu aka zaro taɓarya, naɗe cikin ɗankwali. Daga jakar hannu aka fito da turmi. Jami'in ya ajiye su gefe da gefe, ya dube su, ya dubi dattijuwar da ta raba su jaka biyu dabam-dabam, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce ba Na'ima yake so ta amsa ba, yarinyar yake so ta faɗa masa da bakinta mene ne wannan, kuma me ya sa aka raba su.

Rihab ta san duk kalmomin. Ta taɓa yin jawabin rabin awa da Turanci a gaban malamai biyar. Amma yanzu abin da take gani kawai shi ne ɗan gidan da ta danna a banɗaki, da jirgin Litinin, da wata jaririya a Montreal da za a buga wa murfin tukunya. Ta nemi wurin zama, ta zauna a kan sikelin kaya. Lamba ta fito, hamsin da huɗu.

"Ki gaya masa ya duba da kyau," Umm Shirin ta ce wa Na'ima. "Ga abin da yake faruwa da wanda ba a buga masa ba. Tunda tambaya yake, bari ya gani."

Kafin Na'ima ta gama fassara, ta jawo turmin bakin teburin, daidai kunnen Rihab, ta ɗaga taɓarya ta sauke.

Wanda bai taɓa jin tagulla a kan teburin ƙarfe a rufaffen ɗaki ba, babu amfanin a kwatanta masa. Jami'in ya ja da baya har ya bugi bango. Umm Shirin ta ci gaba da bugu tana ba da umarni cikin muryar da ake yi wa jarirai. Ki ji maganar uwarki. Kada ki ji ta ubanki, shi ya kai ki Kuwait. Ki ji maganar Haltinki. Kada ki ji tsoron ƙofa, kada ki ji tsoron cokali, kada ki ji tsoron mai jan gemu. Na'ima ta daina fassara, ta ciro ƙullin gishirin abincin rana daga aljihunta ta fara watsawa, tana cewa a garin kakarta ba haka ake yi ba amma gishiri ba ya ɓata komai. Ƙofa ta buɗe, 'yan sanda huɗu suka faɗo da kare. Karen ya shinshina inda aka ajiye cukun ya koma da baya.

Rihab ta miƙe. Kunnuwanta sun toshe gaba ɗaya, ba ta jin komai sai wani dogon fito. Ta ga kowa ya zuba mata ido, ta ga agogo, saura minti ashirin da biyu, sai ta yi niyyar roƙonsu a hankali, cikin ladabi. Da yake ba ta jin muryarta, sai ta ƙara ƙarfi kaɗan don ta tabbata tana fita. Daga baya Na'ima ta ce har masu jiran jirgi a ƙofa ta tara sun ji. Ta gaya musu da Turanci mai kyau cewa wannan turmi ne na bikin jariri, jaririyar kwananta shida, gobe ne bakwai, matar nan ta faɗi gaskiya ne shi ya sa aka tsare ta, ita kuma da ta yi ƙarya a banɗaki babu wanda ya tambaye ta komai, kuma in jirgin nan ya tashi babu su, to su za su bugo wa Shirin waya su yi mata bayani da kansu.

Dogon jami'in ya ce wani abu da ba ta ji ba. Ta ce masa ya ɗaga murya. Ya miƙa mata katuna biyu.

Umm Shirin ta mayar da saƙonni goma sha shida cikin akwatunan a minti bakwai, 'yan sanda suna kallo. Ta ɗaga na farko, ta gamsu. Ta ɗaga na biyu, ta tsaya. Babu cuku, ya koma ashirin da ɗaya da giram ɗari uku. Ta ce ita ba ta taɓa ɗaura koren ƙyalle a kan akwati mai rami ba, mutane za su yi magana. Na'ima ta dubi jami'in, wanda ya juya baya yana shan ruwa, ta ruga ta dawo da wani ƙunshi, ta raɗa cewa saƙon ƙanwarta ne da ke Montreal, alkaki ne da rigar sanyi, an riga an duba su da safe. Umm Shirin ta ɗaga ƙunshin a tafin hannu, ta ce kilo ɗaya da ɗari bakwai, Allah ne ya aiko ki. Ta tambayi sunan ƙanwar da na ubanta.

Su ne na ƙarshe da suka shiga jirgi. Rihab ta zauna a layi na goma sha bakwai. Bayan awa ɗaya da tashi ta ji an zauna kusa da ita, ta waiga, sai ga Haltinta. Ta yi musayar kujera sau shida daga layi na arba'in da ɗaya, da dabino da nuni da hannu, a hanya ta haɗa wasu miji da mata da aka raba, ta raba wasu da ta ga bai kamata su zauna tare ba. Ta ce wa Rihab jirgin ba laifi, sai dai tagoginsa ba sa buɗuwa, kuma ta leƙa ta ga yadda suke shirya kaya a saman kai, abin kunya ne.

Ranar Asabar aka kwantar da jaririyar a rariya, aka kunna kyandir, Umm Shirin ta buga turmi har maƙwabcin ƙasa ya hau yana ƙwanƙwasa ƙofa. Jaririyar ba ta ko motsa ba, barcinta take yi. Dangi suka ce ai ga shi nan, ya riga ya kama ta. Rihab kuwa a bugun farko ta zabura ta zubar da shayi a cinyarta. Umm Shirin ta ce wannan ba komai ba ne, shekara ashirin da uku aka makara, dole sai an maimaita, kuma ta riga ta yanke shawara za a riƙa buga mata duk Juma'a bayan sallah.

Suka koma Damanhur bayan wata biyu, Umm Shirin ta kai wa Hajj Mitwalli takardarsa, ya sa ta a gilashi ya rataye a shago. Saƙon Brazil yana nan a Montreal, ana jiran mai zuwa can. Rihab tana ji da kunnen dama sosai yanzu, na hagu ne ya rage. Ranar Juma'a in an idar da sallah takan fita ta ƙofar baya kafin Haltinta ta ɗauko turmi.